Birkin Baba Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

An yi wani dattijo, Baba Nomau, manomin dankalin Turawa, gidansa can ƙolin wani tsauni inda mota ba ta hawa. Hanya ɗaya ce tak ke gangarawa gari, siririya, duk kwana-kwana, dama dutse, hagu kwazazzabo mai zurfi. Abin hawansa babur ne mai ƙafa huɗu, irin mai bin laka da tsakuwa, da shi yake saukar da buhuna kasuwa. 'Ya'yansa uku, duk sun girma: Sallau babba, Jatau mai bi masa, sai auta Ladidi, wadda ke aure a gari tana sarin dankali, ta zo ganin gida a damunar nan.

Wata safiya Baba Nomau yana cirar ciyawa a gona, kububuwa ta sare shi a idon sawu. Kafin a kawo shi gindin mangwaron ƙofar gida, ƙafa ta kumbura. Maganin dafin kuwa babu shi sai a asibitin gari, can gindin tsauni. Aka kwantar da shi a tabarma, ya juya dama, ya juya hagu, kwanciya ta ƙi daɗi, idonsa na kan rana tana ɗagawa.

Sallau ya turo babur ya tayar da shi. Kafin ya sa giya, Jatau ya kai hannu ya matse birki. Hannun birkin ya tafi luƙus har ya taɓa mariƙi, kamar an matse soso. Jatau ya sha gaban babur ya tsaya.

"Kauce, Jatau!" in ji Sallau. "Baba na mutuwa, kai kana wasa da ƙarfe?"

"Yaya, ko taka ni za ka yi, ba zan kauce ba. Babu birki. A kwanar farko za ku faɗa kwazazzabo, mu yi jana'iza biyu."

Baba Nomau ya rufe ido. Ya daɗe yana jin birkin nan yana laushi, yana cewa sai an gama shuka, sai an gama noman farko. Yau ga shi ya kwanta a kan jinkirinsa.

Jatau ya taɓa zama hannun wani bakanike a gari. Ya kwance murfin ɗan kofin man birki da ke jikin kan babur, ya leƙa. Man ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana, ya sha laimar damuna, iska kuma ta shiga tiyo. Ya ce sai an zuƙe tsohon duka, a zuba sabo, a kori iskar daga kowace ƙafa. Amma sabon mai, ko ɗigo babu a gidan.

Ladidi ce ta tuna inda za a samu. Ranar da ta je gaishe da ƙawarta Kande a tudun ƙetare, ta ga wata gorar man birki da ba a fasa ba, a jere cikin kwanukan ɗaki. Ta mijin Kande ce, wanda babur ɗinsa ya mutu tun bara. Tsakanin tudun biyu akwai rafi, kuma ya kawo ruwa har baki. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta tamke zane ta zura da gudu. Baba Nomau ya ɗaga kai ya bi ta da kallo har ta ɓace a cikin dawa. Da ta dawo, jiƙe take har wuya, takalmi ɗaya ya tafi da ruwa, gwiwa na jini, amma gorar na ɗaure tsaf cikin ɗankwali a tsakar kanta.

Kafin nan Jatau ya zuƙe tsohon mai da sirinjin allurar shanu. Ya samo siririn tiyo, ya maƙala bakinsa a ɗan notin da ke bayan ƙafar gaba, ya jefa ɗaya bakin cikin kwalba. Ya raba aiki. Sallau zai danna birki ya riƙe. Shi zai sassauta noti da sifana, mai da iska su fita, ya ɗaure, sannan ne Sallau zai saki. Ladidi kuma za ta riƙa cika kofi, kada ya bushe ya sake zuƙar iska.

To, a nan aka samu matsala. A gidan Baba Nomau, ƙane ba ya ba wa umarni. Tun Jatau yana yaro bai taɓa ce wa Sallau yi kaza ba. Ya tsugunna da sifana, maimakon ya ce "riƙe", sai ya kama kewaye-kewaye.

"Yaya, da za ka taimaka, idan babu damuwa, ka ɗan ƙara..."

Kafin ya kai ƙarshen magana Sallau ya saki, noti na buɗe, iska ta koma ciki fuu. Aka sake. Wannan karon Jatau ya daure ya ɗaga murya, "Riƙe!" Sallau ya waiwayo ya watsa masa ido.

"Ni kake wa tsawa? Na yi kama da yaron shagonka?"

Garin waiwayen, hannu ya sake saki. Mai ya kai rabin gora, birki na nan yadda yake. Baba Nomau ya ji ɗanɗanon jini a bakinsa. Kumburi ya haye gwiwa. Shi ya koya musu wannan ladabi da bakinsa da bulalarsa, yau ga ladabin yana neman ransa.

Ladidi ta dangwarar da gora. "Haba, yayyena! Mu mata mukan yi daka mu uku a turmi ɗaya, taɓarya ba ta gwara taɓarya, kuma ba wadda ke ba wata umarni. Ku bar magana, ku bi bakina."

Ta kama waƙar daka irin ta uwarsu. Idan ta ɗaga murya, Sallau ya danna ya riƙe. Idan ta sauke, Jatau ya buɗe ya rufe. Idan ta buga ƙafa a ƙasa, Sallau ya saki. Ba wanda ya umarci wani, ba wanda aka yi wa tsawa. Baƙin mai ya riƙa bin tiyo da kumfa yana faɗawa kwalba, can sai ya fara haske, kumfar ta ragu, ta ɗauke. Suka koma ɗaya ƙafar, suka zagaya baya. Hannun Sallau ya ƙage, amma bai ƙara saki ba sai ƙafar Ladidi ta bugi ƙasa. Gora na ƙarewa, birki ya yi tauri kamar icce.

Jatau ya san gyara, amma bai taɓa sauka tsaunin nan da kaya ba. Wannan sai Sallau. Aka ɗora Baba Nomau a bayansa, aka goya shi da zane kamar jariri. Suna barin ƙofar gida hadari ya ɓarke. Hanya ta zama santsi. Tsohon ya kifa kunci a bayan ɗansa, yana jin bugun zuciyarsa, yana ganin bakin kwazazzabo yana matsowa yana ja da baya. A babbar kwana suka tarar ruwa ya cinye rabin hanya. Da mai tsoro ne, da ya damƙe birki gaba ɗaya, babur ya sulale da su. Sallau ya riƙa taɓa shi kaɗan-kaɗan, yana kwantar da jikinsa wajen dutse, har kafaɗarsa na gurzar bangon dutse tana saɓulewa, ƙafa biyu na hagu suna bin gaɓa da ƙyar. Suka wuce. Ma'aikaciyar asibiti ta ce da sun ƙara jimawa, da ba abin da allura za ta yi.

Baba Nomau ya tashi, amma ƙafar ta shanye, ba zai ƙara hawa babur ba. Da ya koma gida ya tara 'ya'yansa a gaban maƙwabta, ya ce zai ba da babur ɗin ga wanda ya ceci ransa. Ya buɗe baki zai kira suna, sai ya rasa na kira.

Ya dubi Jatau. Ba don shi ya tsaya gaban babur ya yi wa wansa gardama ba, da tuni kwazazzabo ya ci su biyu. Kuma shi kaɗai ya san inda cutar take da yadda ake fitar da ita.

Ya dubi Ladidi. Sanin Jatau me zai yi da busasshen kofi? Ita ta shiga rafi da ranta, ita kuma ta haɗa hannayen maza biyu da suka kusa zubar da man a banza.

Ya dubi Sallau, kafaɗarsa har yanzu da tabo. Shi ya ɓata rabin gora, gaskiya ne. Amma shi ya haɗiye girmansa ya riƙe, kuma birki komai taurinsa ba ya saukar da kansa daga tsauni cikin ruwan sama.

Tsoho ya miƙa makulli ya janye, ya sake miƙawa ya janye. Babur ba ya rabuwa uku, kuma ya riga ya yi magana a gaban mutane.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nawa bakin ya tsaya nan, saura naku. To, jama'a, da ku ne Baba Nomau, a tafin wa za ku sa makullin nan?