Makiyayi da Fatar da Ta Ƙi Buɗuwa

Marigayi Malam Yunana mai bishara ne ya fara ba ni wannan misali, a shekarar da ɗana Gayus ya dawo daga aikin soja ya daina magana. Na je wa Malam da kuka, na ce wata biyu ke nan ina tambayar yaron nan abin da ya gani a can, ko uffan. Malam ya ce in zauna. To, ku ma ku zauna, jikokina, ku bar mintsinin juna. Da gaske an taɓa samun tsofaffin littattafan Yahudawa a cikin kogon dutse, amma wannan da za ku ji misali ne.

Akwai wani makiyayi a ƙasar Yahudiya, wajen Tekun Gishiri, inda ruwan sama sai an yi sa'a. Wata rana zafi ya kore shi cikin wani kogo. Can ƙurya ya ga tulu da murfinsa. Ya buɗe, ba ruwa, ba hatsi, sai fatu guda biyu a naɗe kamar tabarma, an lulluɓe su da tsumma. Ya leƙa bakin ɗaya, ya ga rubutu layi-layi.

Mutumin nan bai yi karatu ba, amma ya san ba a ɓoye abin banza haka. Ɗoki ya kama shi. Ya kama bakin fatar ya ja, yadda ake shimfiɗa tabarma. Sai ƙaras! Ta farfashe a hannunsa kamar busasshen ganyen kuka. Ya durƙusa ya tsince gutsattsarin ɗaya-ɗaya ya zuba a hularsa, ya rungumi ta biyun, ya nufi birni wurin wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa a kan nazarin tsofaffin rubuce-rubuce.

Ya ce, "Baba, saura wannan kaɗai. Buɗe mana mu ji abin da ke ciki."

Tsohon ya dubi hular, ya dube shi. Ya ce, "Haka ka ce wa 'yar'uwarta?"

Makiyayi ya sunkuyar da kai.

"Ɗago, ɗana. Ba mugunta ka yi ba, ɗoki ne."

"To, mu jiƙa ta mana, yadda dukawa ke yi."

"Mu jiƙa, tawada ta bi ruwa, mu tashi da fatar takalmi? A'a."

Sai ya ɗauko akwati, ya kwantar da fatar a gefe guda, ya ajiye ɗan kasko da ruwa a ɗaya gefen, ya rufe. Ya ce, "Ruwan ba zai taɓa ta ba. Danshinsa kawai za ta riƙa ji kusa da ita."

Bayan mako guda makiyayi ya dawo. "Baba, ta buɗe?"

"Ita ta yi shekara dubu biyu a rufe, kai kwana bakwai ya gagare ka?"

Haka ya yi ta zuwa yana komawa. Ran nan ya tarar tsohon ya sa gashin kaza a bakin fatar yana ɗagawa a hankali. Ta saki kamar faɗin yatsa. Sai ta yi 'yar ƙara. Nan take tsohon ya janye hannu, ya mai da ita akwati, ya sake ruwan kasko. Makiyayi kamar ya yi ihu, don ga rubutu ya fara leƙowa a gabansa. Amma ya tuna da hularsa, ya haɗiye maganarsa.

Yau faɗin yatsa, gobe ba komai, jibi faɗin tafin hannu. Sai da tumakinsa suka haihu, 'ya'yan suka fara cin ciyawa, sannan wata safiya ya shigo ya ga fatar a shimfiɗe daga wannan bakin tebur zuwa wancan, ko harafi ɗaya bai ɓata ba. Maganar wani annabi ce da Ibrananci, irin wadda muke karantawa a majami'a har yau. Tsohon ya bi ta da yatsa ba tare da ya taɓa ba, yana karantawa yana fassara masa: Allah ne yake lallashin mutanensa da suka sha wuya, yana gaya musu bai manta da su ba.

Makiyayi ya share ido. Ya ce, "Baba, wadda na fasa fa?"

Tsohon ya jawo wani faranti. Ga gutsattsarin nan a jere, ya haɗa waɗansu baki da baki. Ya ce, "Na sami kalma huɗu. Sauran, muna nan tare da su."

Ma'anar wannan misali ita ce, fatar nan zuciyar mutum ce wadda wahala ta busar, ta naɗe ta rufe. Akwai irinsu a gidajenku: kawun da ya dawo ya yi shiru, yarinyar da aka yi wa rasuwa ta bar wasa. Akwai magana mai daraja a cikinsu, amma in ka ja da ƙarfi, fasawa za ka yi. In kuma ka kwarara musu wa'azi da surutu, ka jiƙa ke nan. Kaskon ruwan nan, ƙauna ce da take zama kusa ba ta matsa wa kowa. Haka Ubangiji yake yi da mu, ni da ku, bai taɓa fizgar kowa ba. Wanda kuma ya riga ya fasa wani da bakinsa, kada ya gudu. Ya tsince, ya kawo wa Ubangiji, shi ba ya zubar da gutsattsari.

Malam Yunana bai ce ni ce makiyayin ba. Ba sai ya faɗa ba, ina da kunne.

Washegari na dama kunun gyaɗa, na kai wa Gayus ƙofar ɗakinsa. Na jawo kujerata na zauna gefensa da farantin wake ina tsincewa. Tambayoyi sun cika mini baki, na danne su. Da ya shanye, na ɗauki kwanon, na ce masa gobe ma zan dama.