Takardar da Sarki Jatau ya so yankewa

An yi wani sarki, Jatau, wanda ya gaji sarauta tare da kundin da kakansa ya rubuta gaba da baya a takarda guda, kuma ba a naɗa sarki sai ya dafa ta ya yi rantsuwa. A cikinta akwai sharaɗin cewa ba a hukunta ɗan Adam, ko bawa ne, sai an ji ta bakinsa.

Ana nan matarsa ta rasu wurin haihuwa, jaririyar ta rayu. Baƙin ciki ya rufe masa ido, ya ce a kori unguwarzoma Tabawa daga ƙasar, ba ya son jin ko tarinta.

Alƙali Mudi, tsoho mai raunin murya, ya tausaya wa sarki ƙwarai, amma ya ƙi sa hatimi a takardar korar, don ba a ji ta bakinta ba.

Sarki ya ce, "Malam, warware mini wannan. Kakana ya rubuta, ni magajinsa ne. Abin da sarki ya rubuta, sarki ba ya iya cirewa?"

Mudi ya san rawaninsa na rawa. Ya ɗauko kundin da aska, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga sharaɗin, yanke shi. Sai dai ina roƙo ka duba bayansa tukuna."

Sarki ya juya takardar. Daidai bayan wannan layi aka rubuta cewa sarauta ta gidansu ce.

Mudi ya ce, "Kakanka da gangan ya yi, ranka ya daɗe. Ya san wata rana zuciya za ta ɗebi jikansa."

Sarki ya ce a shigo da Tabawa.

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Zaki, kwana biyu na yi a kan matarka ban runtsa ba. Da ta ga ba za ta tashi ba, ta riƙe hannuna ta ce in faɗa maka, ka sa wa yarinyar sunan mahaifiyarka, kuma kada ka ga laifin kowa. Kwana shida ke nan dogarai na hana ni isowa."

Washegari kuwa ranar suna ce. Sarki ya rufe fuska da hannun riga, ya yi kuka a gaban fadawansa.

Ya ba Tabawa renon jaririyar, ya yafa wa Mudi alkyabbarsa, ya ce, "Sarkin da ya toshe bakin talaka, kunnensa ya toshe, kuma adalcin da ke tsare mai rauni shi ne ke riƙe da gadon sarauta."