Dalilin da Ya Sa Kare Yake Amsa wa Jirgin Ƙasa

Dalilin da ya sa kare yake ɗaga baki sama ya ja dogon kuka duk lokacin da jirgin ƙasa ya busa, ko motar asibiti ta wuce da jiniya, shi zan gaya muku yau. Ku matso. Kai mai shan rake, tofar da ɓawon can gefe, kada ka cika mini tabarma da tururuwa. Na san abin da kuke ji a bakin mutane, wai in kare ya yi irin wannan kuka to mugun abu ne ke tafe. Ƙarya ce. Masu faɗin haka ba su san Inna Marka ba.

A da can, karen birni ba ya tankawa in ya ji ƙara, gudu yake yi. Mota ta danna hon, ya shige ƙarƙashin teburin mai shayi. Maƙeri ya ɗaga guduma, kare ya faɗa kwata. Duk karnukan birni a rame suke, kunnuwa a kwance, wutsiya tsakanin ƙafafu, har mutane suka daina ajiye su don gadi, tunda in ɓarawo ya yi tari su suke riga mai gida ɓuya.

To, a wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wata tsohuwa, Inna Marka, matar wani maharbi mai suna Nomau. Da Nomau ya rasu, abin da ya bar mata bai wuce tsohon ɗaki ba, sai karensa Duna, baƙi wuluk mai farin gashi a ƙirji. Duna ya sha arangama da gadu a dawa, ya taɓa korar kura daga bakin garke, amma a gida ɗan lele ne. Inda Inna Marka ta sa ƙafa, nan yake sa tasa. In ta zauna kaɗi sai ya kwanta a bakin ƙofa, ta yi ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda akuyarsa ta ci gonar wani, shi kuwa ya yi ta motsa kunne.

Wata damina mai ƙarfi ta zo ta kwantar da ɗakin. Autanta Sallau, wanda yake lodin buhuna a tashar jirgin ƙasa a birni, ya zo ya tsaya a kan ɓaraguzan.

Ya ce, "Inna, zaman nan ya ƙare. Ki tattara mu tafi."

Ta ce, "To, Auta. Ni da Duna."

"Kare a birni, Inna?"

"A birnin ba a tuƙa tuwo ne? Ƙanzon da zan rage ya ishe shi."

Sallau ya san uwarsa, sai ya hau ɗaure kaya.

Gidan Sallau kuwa a bayan tasha yake, bango ɗaya ya raba su da layin dogo. Ga injin niƙa a hannun dama, ga maƙera a hannun hagu, ga tashar manyan motoci in ka ɗan miƙe. Suna shiga gida, ko ruwan baƙi ba su sha ba, jirgi ya busa. Duna, wanda bai ja wa kura da baya ba, ya yi tsalle ya ture randa, ya faɗa ɗakin Hajjo matar Sallau, ya shige ƙarƙashin gado. Da ƙyar aka jawo shi. Hajjo ta yini tana wanke kwanuka da tabarmi, ba ta ce komai ba, don mace ce mai kunyar surukarta, amma fuskarta ta faɗi abin da bakinta ya ɓoye.

Tun daga ranar Duna ya koma bayan tulin itacen girki ya lafe. A kai masa ƙanzo, ya juya kai. A kai masa ƙashi da romonsa, ya sunsuna ya bari. Da ya fara lasar ruwa sai injin ya tashi, ya koma ya dunƙule. Kafin a jima haƙarƙarinsa ya fito, farin gashin ƙirjin ya koma ruwan toka.

Wata safiya Sallau ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, karen nan zai mutu a hannunmu, kuma alhakinsa a kanmu. Na yi magana da Buwari mai gadin taragon kaya. Ranar kasuwar ƙarshen wata zai tafi da shi, ya sauke shi a ƙaramar tashar da ke kusa da ƙauyenmu."

"Wa zai ba shi abinci a can?"

Sallau ya dubi ƙasa. Shi da ita duk sun sani, karen da ba shi da mai shi jifa yake ci.

Inna Marka ta je ta zauna kusa da tulin itacen. Zuciyarta ta yi nauyi, don Duna ne kaɗai ya rage a duniya da ya san takun Nomau. Kuma akwai abin da ba ta gaya wa kowa ba: ita ma tsoron take ji. Duk busar jirgi sai mazari ya faɗi daga hannunta. Tun da ta zo ko zaure ba ta leƙa ba, tana cewa ƙafa ce ke mata ciwo.

Tana nan zaune Hajjo ta kawo mata kunu, ta ce a hankali, "Inna, maƙwabta fa suna ta tambaya. Wai baƙuwa ta sauka a unguwa, har yau ba ta zaga gaisuwa ba."

Inna Marka ta dafe ƙirji. "Ashe laifinmu ne! Kin ji, 'yar nan? Mun shigo garin mutane ba mu gai da kowa ba, ba dole su yi ta yi mana tsawa ba?" Ta leƙa bayan itace. "Duna, tashi. Ubangidanka bai taɓa shiga gari ya wuce mutane ba gaisuwa ba. Ba a kanmu za a fara wannan abin kunya ba."

Ta yafa mayafi, ta ƙulle ƙuli-ƙuli a bakin zane, ta ɗaura wa Duna igiya. Ƙafar da take ciwo ta warke nan take.

Suka fara da injin niƙa. Tun daga nesa Duna ya turje, ita ma ta tsaya nan ta ɗaga murya. Mai injin, wani saurayi Ɗanliti, ya fito fari fat da gari har gira.

"Sannu da aiki, ɗana. Gaisuwa muka zo."

"Sannu, Iya. Ya gajiyar hanya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Amma ba wurinka kaɗai muka zo ba, har da wancan mai yawan surutun. Ɗan ce masa ya yi shiru mu gan shi."

Ɗanliti ya yi dariya har gari na zuba daga kansa, amma ya kashe injin. Inna Marka ta ja Duna ciki a hankali. Ya sunsuna ƙafar injin, ya sunsuna bel, ya ji ƙamshin masara da dawa, abin da ya sani tun yana ɗan kwikwiyo. Sai ta koma da shi can tsallaken hanya, ta ce wa Ɗanliti ya tayar. Injin ya ɗauki tat-tat-tat. Duna ya zabura, ita kuwa ta dafa wuyansa, ta fuskanci injin ta ce da ƙarfi, "Lafiya lau! Ya aiki? Ya iyali? Madalla!" Sannan ta ɓantari ƙuli-ƙuli ta miƙa masa. Ya dubi injin, ya dube ta, ya karɓa. Abin da ya fara shiga cikinsa ke nan tun zuwansu birni.

Washegari suka dawo, suka tsaya kusa kaɗan. Wanshekare kusa fiye da haka. Daga nan suka wuce maƙera, ta sa tsohon maƙerin ya ajiye guduma Duna ya sunsune ta, sannan ya buga sannu-sannu tana amsawa. A tashar mota ta tare wani direba mai ƙaton ciki, Jatau, ta sa shi ya yi ta danna hon ƙanana-ƙanana tana cewa "Lafiya lau," har fasinjojinsa suka fara faɗa. Da farko 'yan unguwa dariya suke yi, wai tsohuwar ƙauye ta zo tana gai da ƙarfe. Daga baya in ta makara sai Ɗanliti ya riƙa leƙen hanya. Duna ya fara cin tuwo, wutsiya ta fara tashi, har ya kwanta a ƙofar injin yana hamma injin na ta aikinsa.

Saura jirgi. Shi kam wa zai tsayar da shi don wata tsohuwa ta sa karenta ya sunsune shi? Ta roƙi Sallau, ya ce, "Inna, ni lebura ne, ko kusa da kan jirgi ba a barina." Ta gwada amsawa daga tsakar gida, amma busar jirgi ta haɗiye "lafiya lau" ɗinta, ko ita ba ta ji kanta ba. Duk ƙibar da Duna ya yi, da jirgi ya busa sai ya koma bayan itace, wata rana ma ya sake faɗawa ɗakin Hajjo ya taka tabarmar salla.

Ranar kasuwa ta zo. Sallau ya kama igiya, bai yarda ya haɗa ido da uwarsa ba.

Ta ce, "Ba ni igiyar. Ni zan raka shi."

Tasha cike take da masu kaya da masu talla. Inna Marka ta tsaya a bakin dandamali. Ƙasa ta fara girgiza. Ga hayaƙi, ga baƙin kai yana tahowa, ya fi ɗakinta na ƙauye girma. Sai ya busa, busar da ta ji har cikin haƙoranta. Duna ya kwanta da ciki yana ja da baya, igiya na shaƙe shi, idanunsa a kanta.

Ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai ta tsaya. A garinsu ba a tarbar babban baƙo da lafiya lau. In maharba sun dawo da babban nama, ko ango ya iso da mutanensa, mata ba magana suke yi ba. Inna Marka ta gyara tsayuwa, ta kama hancinta, ta rangaɗa guɗa.

Yara, guɗa ce irin ta mutanen dutse, mai tsawo, mai kaifi, wadda take tsallake kwari ta isa wancan ƙauye. Tasha ta yi tsit. Mai tallan ƙosai ta saki baki.

Sallau ya ce, "Inna! Mutane fa!"

Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ja numfashi ta sake. Duna ya daina ja. Wannan muryar ya san ta, ita ce take tarbarsu shi da Nomau in sun dawo daga dawa. Ya tashi zaune, ya dubi jirgin, ya dubi tsohuwa, ya ɗaga baki sama. Na farko ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Na biyu kuwa ya miƙe, ya bi guɗar har ƙarshenta.

Direban jirgi ya leƙo ta taga, ya ga tsohuwa da baƙin kare suna tarbarsa. Dariya ta kama shi, ya sake ja musu busa, gajera. Suka amsa tare. Ya ƙara, suka ƙara. Can sai aka ji wata siririyar murya daga cikin kwata, wata daga ƙarƙashin tarago, wata daga bayan rumfar mahauta. Karnukan birni ne suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, a rame, suna gwada abin da ba su taɓa sanin ana yi ba.

Buwari mai gadin tarago ya ratso mutane ya ce, "Sallau, ina karen da za a mayar ƙauye?"

Sallau ya goge ido da hannun riga, ya sunkuya ya kwance igiyar. "Wane kare? Wannan ai ɗan gari ne."

Inna Marka ta yi sauran shekarunta a gidan nan, kuma ba jirgin da ya shigo tasha bai sami tarba ba, ita daga kan tabarma, Duna daga bakin zaure. Da Allah ya karɓi abinsa, gari ya waye, jirgi ya busa kamar kullum. Duna ya juya ya dubi inda tabarmar take, ya jira. Shiru. Sai ya ɗaga baki ya yi shi kaɗai, ya ja shi fiye da yadda ya saba, nasa da nata. Hajjo tana daka a lokacin, ta jingine taɓarya ta zauna ta yi kuka.

Shi ya sa har yau in jirgi ya busa, ko jiniya ta ratsa unguwa, za ku ji kare ya ɗaga baki ya ja muryar nan mai tsawo, na gidan gaba ya karɓa, na bayan layi ya karɓa. Ba tsoro ba ne, ba kuma mugun abu yake kira ba. Guɗar Inna Marka ce suke riƙe mata. Saboda haka kai mai rake, dutsen nan da na ga kana jifan karen maƙwabta da shi jiya, kada in sake gani. Baƙo yake tarba, ka bar shi ya gama.