Tabon Yatsa a Kan Taswira

Don girman Allah kar ku faɗi sunana, ko an tambaye ku. A gidanmu an hana yin zancen nan. Ni ma a bakin kakata na ji.

Wai can kudu, a bakin teku, akwai wani zango na Hausawa masu bandar kifi. Duk ruwan wurin gishiri ne, sai wani idon ruwa ɗaya a tsibiri, cikin itatuwan nan masu jijiya tsaye a ruwa. Shi kowa ke sha. Amma yana da masu shi, waɗanda ba a gani, kuma ba a nuna wa baƙo wurin. Wata tsohuwa, Iya Kande, ita ke riƙe da ƙwaryarsu. Sai ta fara ɗiba kafin kowa ya ɗiba.

Rannan masu taswira suka zo, suka shimfiɗa takarda ƙatuwa. Suka ce a nuna musu inda ake kamun kifi, inda ake shanya, inda ake sha, don in ɗanyen mai ya malalo a san inda za a fara tarewa. Inda ba alama kuwa, can za a bar man ya tafi. Aka nuna ko'ina. Da aka zo kan tsibiri, kowa ya sunkuyar da kai.

Akwai 'yan'uwa mata uku, Hansai da Barira da Tabawa. Barira na tsaye, ta ga yayarta Hansai ta matso, hannunta duk baƙin banda, ta dangwala yatsa a kan tsibirin.

Ɗaya daga cikin masu taswirar ya ce, "Baiwar Allah, me ke nan?"

Ta ce, "Sha muke yi." Tun daga wannan rana yatsan nan nata ya yi sanyi ƙalau, ko a wuta ta sa ba ta ji.

Bayan damina, Barira ta tafi ɗebo ruwa da hantsi. Ba kukan tsuntsu ko ɗaya. Ƙaguwa sun fito sun hau itatuwa, sun yi cirko-cirko. Ga warin kananzir, alamar mai ya malalo. Sai ta ji tari a ƙarƙashin kwalekwalenta, irin na tsoho. Wallahi ba ta gudu gida ba. Ta tuƙa har tashar masu tare mai, tafin hannunta na jini. Suka duba taswira, suka ga tabon Hansai, suka ɗauko shingen roba da ake tare mai da shi a kan ruwa.

To kafin su isa tsibirin, ruwan teku ya janye, jirginsu ya kafe a laka, ga baƙin mai yana tahowa a hankali. Mazan suka ce ba hanya. Tabawa, autar su Barira, tana wurin, ta ce, "Ku ba ni igiyar, ku zauna kar takalmanku su jiƙe." Ta shiga har wuya, ta ja shingen ta ɗaure a jijiyoyin itatuwa. Ta ce da igiyar ta suɓuce, wani hannu ne ya miƙo mata daga ƙasa. Fatarta ta saɓule kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Man bai taɓa idon ruwan ba.

A wannan makon Iya Kande ta rasu, ba ta ce ga magajiya ba. Aka nemi ƙwarya aka rasa. Washegari Barira ta buɗe ƙofa, ga ƙwaryar a bakin ɗakinsu su uku, a jiƙe, ba sawun kowa a yashi. Zango kaf jarkoki sun bushe, yara na kuka, ba mai ikon ɗiba sai ɗayarsu ta ɗauka. In kuma wadda ba ita ake nufi ba ta taɓa, an ce ruwan zai koma gishiri.

Kakata ta ce suna nan tsaye a kanta, kowa na kallon... tsaya, ina jin takun Baba a zaure, dole in ɓoye wannan saƙon. Ku faɗa min da sauri: da mai yatsa, da mai tuƙi, da mai igiya, wace ce za ta sunkuya ta ɗauka?