Baƙin da Sadi Ya Kai Arras

Akwai wani direban woro-woro, wato tasin haɗaka, a unguwar Williamsville ta Abidjan mai suna Sadi. Tare suka taso da Abduljalil, a tsakar gida ɗaya.

Wajen 1998 Abduljalil ya fara zagayawa da Turawa masu yawon buɗe ido a Treichville. Ba ya ɗaukar fiye da mutum biyar, kuma da ƙafa suke tafiya. Ya kai su wurin dukawa da marina, su ci aceke, wato dambun rogo, da kifi a hannun matan unguwa. Ba a ɗaukar hoton kowa sai ya yarda, ba a yar da leda a ƙasa.

Nan da nan sunansa ya fito. Duk inda Sadi ya tsaya shan shayi, sai ya ji ana yabon Abduljalil. Ran da ya gan shi a kan sabon babur a Indénié, ko abinci ya kasa ci.

"Me ya fi ni? Ni na koya masa hanyoyin garin nan!"

Sai ya je otal ɗin da ke tura wa Abduljalil baƙi, ya ce wa manajan, "Mutuminku ɓoye musu ainihin gari yake yi. Ni zan kai su har cikin ɗaka."

Aka ba shi mutum goma sha takwas. Ya loda su a babbar mota sai unguwar Arras a Treichville, wani gida da ake bikin suna.

Ba sallama, ba neman izini. Suka taka tabarmar salla da takalma, suka riƙa haska mai jego da kyamara tana rufe fuska. Wani ya ɗauki allon mai gida yana tambayar farashi. Da suka fita, ƙofar gida cike da robobin ruwa.

Washegari dattawan unguwa suka yanke hukunci: kada a sake shigo musu da baƙo, ko wane ne ya kawo shi.

Sadi ya ji daɗi. A ransa ya ce, to, yanzu mun yi daidai.

Bayan mako biyu ya je Treichville gaida mahaifiyarsa Tabawa, wadda ke sayar da waina a bakin kasuwa. Ya tarar da tandarta a kife.

"Inna, lafiya?"

"Baƙin Abduljalil ne ke sayen rabin wainata. Kullum nan yake fara kawo su, ya ce musu ga uwarsa. Yanzu wani marar kunya ya sa an rufe hanya." Ta dube shi. "An ce direba ne daga Williamsville. Ka san shi?"

Sadi ya sunkuyar da kai.

Ranar ya nemi Abduljalil, ya faɗa masa komai, har maganar otal.

"Na sani tun ranar," in ji Abduljalil. "Ba ni za ka ba haƙuri ba, ɗan'uwa. Tashi mu je."

Gida gida suka bi. Wasu suka yafe, wasu suka ƙi ko kallonsa. Sai da aka yi wata huɗu dattawa suka sassauta. Amma gidan mai jegon nan, har Sadi ya bar Abidjan, ba a sake buɗe wa baƙo ƙofarsa ba.

Darasi: Mai hassada yana jifan ɗan'uwansa, dutsen ya faɗa a tukunyar gidansu. Kuma unguwar mutane ba gidan kallo ba ce. In za ka kai baƙo, ka fara da sallama, ka bar wuri yadda ka same shi. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.