Mai Shaidar Motar Ɗahiru

An yi wani mutum a Makera, mai sayar da kayan gyaran mota. Yana da shago, yana da gidan da ya gada, rufin asiri dai daidai gwargwado. Sai dai mutumin nan bai iya ganin abu ya wuce bai tsoma hannu ba.

A shekarar da soja suka koma bariki, aka fito da wani shiri na sauƙaƙa wa direbobin tasi. Duk direban da ya sayi mota don ya tuƙa da kansa, za a yafe masa harajinta. Sharaɗin ƙungiyar direbobi ɗaya ne: a kawo dattijo ya rantse a gaban jama'a cewa motar ta direban ce, ba ta wani mai kuɗi ba.

Tun da mutumin nan ya ji labarin ya kasa zaune ya kasa tsaye. Shi da bai taɓa riƙe sitiyari ba! Ya nemo direbobi biyu masu tuƙin motar wasu, Ɗahiru da Audu, ya ce zai sayi motoci da sunansu, su riƙa kawo masa ciniki a ɓoye. Ya sayar da gidan gadon ya sayi motocin, ya kwashe iyalinsa zuwa gidan haya.

To wa zai yi rantsuwar? Bai yarda da kowa ba, sai ya ce shi zai yi. Ya yi alwala, ya tsaya a tsakiyar tasha, ya dafa Alƙur'ani ya ce motocin nan halak ɗin yaran nan ne, ba shi da ko ƙusa a ciki. Ya 'yan uwa, alwala fa ya yi!

Daga ranar kwanciyar hankali ta yi masa sallama. Ba dama ya shiga tasha ya yi faɗa, ba dama ya ce "motata". Sai ya bar shago a buɗe, ya laɓe a rumfar mai shayi yana leƙen fasinja. Yau yana unguwar Television, gobe yana Kakuri. In ya ji ƙarar birki gabansa ya faɗi. In ya ga ma'aikacin hukuma da hular aiki ya canza hanya. Masu ciniki suka gaji da jira, suka koma wajen maƙwabcinsa.

Ana cikin haka Ɗahiru ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo rabon gado, malamin unguwa ya sa mota a cikin dukiyar mamaci. Ya tambaya ko akwai shaida. Mutanen ƙungiya suka ce akwai, ga shi nan ma zaune a wajen ta'aziyya.

Malam ya juyo wajen mutumin nan ya ce, "Alhaji, motar nan ta marigayi ce?"

Me zai ce? In ya ce tasa ce, ga marayu, ga shugabannin ƙungiya, ga hukuma za ta ƙwace motar ta kama shi. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce, "Tasa ce, Malam."

Audu yana wurin, ya ji da kunnensa. Tun daga ranar bai ƙara kai masa ko sisi ba. Shago ya mutu, mai gidan haya ya yi waje da kayansu, matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu. Ba tsuntsu ba tarko.

Wata rana da azahar yana tsaye a bakin titi, ƙafafunsa sun gaji, ya ɗaga wa tasi hannu. Sai ga Audu. Ya matsa cikin fasinjoji ya zauna a baya. Da zai sauka ya miƙa kuɗin mota, Audu ya ce, "Haba Alhaji, bar shi. Ai kai ne shaidata."

Ya 'yan uwa, sauƙin nan haƙƙin talaka ne, mutumin nan ya sa sunan Allah ya sace shi. Ya rantse a kan ƙarya, Allah kuwa ya mayar da ita gaskiya: ya ce ba shi da ko ƙusa, ya wayi gari ba shi da ko ƙusa. Wa zai kai ƙara, shi ne mai ƙara shi ne shaidar abokin gaba?

Allah ya kiyaye mu daga rantsuwar da za ta ci mu, ya wadatar da mu da halak ɗinmu. Amin.