Ya'u da Akushin Kakarsa a Jamus

To, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Kai Sadi, bar tsokanar ƙanwarka ka zauna. Yau ba tatsuniya na zo muku da ita ba, shari'a ce, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai an yanke ta.

Kun san Ya'u, jikan nan nawa mai dogon wuya, ɗan wajen Tasi'u. Bara aka yi wata jarrabawa aka ce yaron da ya yi fice za a tura shi Jamus, ya shekara yana karatu, yana zaune a gidan mutanen can kamar ɗan da suka haifa. Musayar ɗalibai suke ce da abin. Yara kamar ƙasa suka zauna, amma Ya'u ɗan shekara goma sha shida daga nan Malumfashi shi ya tashi da ita. Ranar da labari ya iso, guɗar da na yi sai da muryata ta dishe.

Ana gobe zai tafi na ɗauko akushina, baƙin nan da mahaifina ya sassaƙa da hannunsa. Na ce, "Ungo, maigida. In shekara ta cika, ka duba wanda ya fi kowa riƙe ka a garin mutane ka ba shi. Kada ka dawo mini da shi, kada kuma ka ba wanda bai kai ba." Ya karɓa hannu biyu, ya naɗe shi cikin rigarsa ya tura a jaka.

Wani ɗan ƙaramin gari aka kai shi a bakin kogi, gidan wata mata mai suna Birgit da mijinta da ɗansu Malte, sa'ar Ya'u. Mutanen kirki ne, kada wani ya tashi daga nan ya ce na faɗi wani abu daban. Ɗaki guda suka ware masa, da keke, da rigar sanyi mai kaurin katifa. Saboda shi suka daina shigo da naman alade gidan. Har alƙibla suka nemo masa suka manna alama a bango.

Yaro ya kama harka. Ya tashi tun duhu bai yaye ba, ya yi sallah, ya hau keke ya bi gefen kogi zuwa makaranta. Ya ga ɗalibi yana musu da malami ido cikin ido, kuma malamin yana jin daɗi, ya riƙe baki. Ya koyi cewa shara ma a can ƙabila-ƙabila ce, takarda da kwandonta, kwalba da nata, ɓawon ayaba da nasa. Ya koyi cewa in an ce ƙarfe takwas, to ba takwas da 'yan mintuna ake nufi ba. Yarensu mai kama da kakin majina kuwa, kafin wata biyu ya fara juya shi a baki. Lissafi dai kada ma a yi magana, 'yan ajin ne suke leƙen littafinsa.

Abu ɗaya ne ya kayar da shi, kuma mu muka koya masa. Ku da kanku kun sani, baƙo na gari in aka ce masa bismilla, cewa yake ya ƙoshi. A sake tayi ya ce alhamdu lillahi. Sai an matsa, an ce don Allah ko loma ɗaya, sannan ya wanke hannu. To, su can a'a a'a ce. Birgit ta ce, "Ya'u, a ƙara maka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ƙoshi, na gode," yana jiran tayi na biyu. Ita kuwa sai ta ce, "To, madalla," ta kwashe kwanuka. A wurinsu matsa wa mutum ya ci abinci shi ne rashin ladabi.

Tun ranar farko ta nuna masa firji ta ce duk abin da ke ciki nasa ne. Ɗan da muka raina zai buɗe firjin matar mutane? Yaron da ko tukunyar uwarsa bai taɓa ɗaga murfinta ba sai an zuba an miƙo masa! Ga shi kuma abincin makaranta kowa da safe yake buɗe firjin nan ya haɗa nasa ya tafi da shi. Malte ya haɗa, Ya'u ya fita hannu rabbana. Da yamma burodi ne mai sanyi da cuku a tsakiyar tebur, kowa ya miƙa hannu. Ya'u ya ɗauki yanka ɗaya ya daɗe yana taunawa, don kada a ce ɗan Najeriya haɗamamme ne. In na kira shi ta bidiyo na ce, "Maigida, kana cin abinci kuwa?" sai ya ce, "Lafiya lau, Iya." Wuya dai yana ta ƙara tsawo, ya naɗe shi da mayafin sanyi don kada in gani.

Haka aka yi ta tafiya har sanyi ya kankama, dusar ƙanƙara ta rufe gari, rana tana faɗuwa tun la'asar. Yunwa kuwa, a ba ki a huta.

Wata ranar Laraba Ya'u bai dawo daga makaranta ba. Birgit ta ce ƙila ya tsaya ɗakin karatu, kuma a can ba a bin sawun saurayi. Amma Malte, yaro mara yawan magana, ya lura da abin da ba wanda ya lura da shi: tun zuwan Ya'u bai taɓa bari magariba ta same shi a waje ba, kullum a kan dardumarsa take riskarsa. Ranar kuwa ƙungiyar Malte ke wasan ƙarshe na ƙwallon hannu, wasan da ya shekara yana jira, shi ne ma mai tsaron gida. Ya riga ya saɓa jaka. Ya dubi ƙofar ɗakin Ya'u, ya dubi duhun da ke waje, ya yar da jakar ya bi hanyar kogi da fitila. Can ya hango keke a kife, Ya'u a gefe cikin ƙanƙara, jiri ya ɗebe shi ya faɗi, leɓe ya yi fari. Malte ya tuɓe rigar sanyinsa ya naɗe shi, ya kira motar asibiti. Aka ce mota ba ta shiga wannan 'yar hanya. Sai ya goya shi a baya, daga shi sai 'yar shara, ya yi ta taka ƙanƙara har bakin titi. Ƙungiyarsu ta sha kashi, shi kuma ya kwanta mako guda yana tari. Da ya tafi wasansa, da gawa za a aiko mana.

A asibiti aka yi wa Ya'u ƙarin ruwa ya farfaɗo, sai ga wata sabuwa. Matar ofishin musayar ɗalibai ta zo, ta ga yaro ya zama ƙashi da rai. Ta tambaye shi ko ana cutarsa a gidan, ya sunkuyar da kai. Ta tambaye shi ko kewar gida ce ta hana shi ci, ya ƙara sunkuyarwa. Mu mun san ladabi ne, ita kuwa gani ta yi yaro yana ɓoye damuwa. Ta ce dokarsu ita ce ɗalibin da zaman ya fi ƙarfinsa a mayar da shi wurin iyayensa. Ya'u ya juya fuska bango ya yi hawaye. Ya tuna guɗar da aka yi masa, da mutanen da suka raka shi tasha. Ya dawo rabin shekara a ce ya kasa? Wallahi ya fi jin tsoron wannan a kan faɗuwar da ya yi.

Nan Allah ya kawo Likita Rakiya, mutuniyar Maraɗi, ta daɗe tana aiki a asibitin. Ba ma ɓangarenta ba ne, sunan ta gani a jikin gado ta tsaya. Ta ce, "Kai ɗan ina ne?" Jin Hausa a bakinta, yaro ya fashe da kuka. Ta ja kujera ta zauna, ta ce ruwa ba ya tsami banza, ya faɗa mata yadda ake cin abinci a gidan. Yana faɗa tana dariya tana share ƙwalla, don ita ma da zuwanta ta sha wannan wuyar. Ta ce, "Ɗana, kara a nan kashe mutum take yi." Ta tashi ta tari matar ofishin, ta warware mata zare da abawa. Matar ta ce ta ji, amma doka doka ce. Likita Rakiya ta ce, "To, ni na tsaya masa da sunana da aikina. Ku ba shi wata guda. In bai murmure ba, ku ɗora laifin a kaina." Ta yi ta zarya tsakanin ofis da makaranta har aka yarda. Da ta wuce gadon nan ba ta tsaya ba, da tuni jirgi ya sauke mana shi a Kano kansa a ƙasa.

Kun ce shi ke nan? Ina! Magana ba ta sa ƙiba. Aka koma gida, Birgit baiwar Allah ta sha kuka, ta shiga yi masa tayi sau uku uku kamar yadda likita ta koya mata. Sai abin ya ƙara lalacewa. Kowa a tebur ya zuba wa kwanon Ya'u ido, ana ƙirga masa loma. Kunya ta hana shi ci. Mako ya wuce sikeli bai motsa ba, wa'adi kuwa yana ta ƙaratowa.

A ƙasan benen gidan akwai tsohuwa, uwar mijin Birgit, suna ce mata Oma, wato kaka. Ba ta jin Turanci, gwiwoyinta sun gaji, da sanda take tafiya. Tana ƙarama an yi yunwa a ƙasarsu, ta san idon mai jin yunwa da ke jin nauyin roƙo. Wata rana Ya'u ya dawo daga makaranta, ta tare shi a ƙofa da sandarta, ta tura shi ɗakin girkinta. Ba ta tambaye shi komai ba. Ta dire masa kwanon miyar dankali da kifi, ta juya masa baya ta kama feraye. Ya ce ya ƙoshi, ta yi kamar kurma. Da ta ji cokali ya daina ƙara, sai ta ƙara zubawa ba tare da ta dube shi ba. Kullum haka, tana tsaye a kan gwiwoyin nan masu ciwo tana girki. Ran nan kuma ta kama hannunsa ta ja shi sama, ta ɗora tafinsa a kan marfin firjin Birgit, ta ɗora nata a kai, suka buɗe tare. Ranar da wata ya cika ya hau sikeli, matar ofis ta duba ta sake dubawa, ta miƙa masa hannu. Da tsohuwar nan ba ta juya masa baya ba, da goyon Malte da tsayuwar likita duk sun tashi a banza.

To, sai ku ga Ya'u bayan nan! Wuya ya cika, murya ta buɗe. Shi ya zo na ɗaya a lissafi a makarantar kaf. Ranar bikin nuna al'adun ƙasashe a makarantar ya ɗaura zani a ƙugu ya tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, Jamusawa suka yi layi, shugaban makaranta da kansa ya ce a ƙara masa. Ya'u ya ce, "Ai sai ka ce ka ƙoshi tukuna," aka kwashe da dariya. Ranar sallama ya hau dandamali da kaftani da hula zanna, ya yi jawabi da yarensu tiryan-tiryan, ba takarda a hannu. Ya koyi buɗe firji, ya koyi duban malami a ido, amma har yau durƙusawa yake ya gai da Oma, har Malte ma ya ɗauka. Da aka nuna mini hoton a waya, na ce wannan jinina ne, duk mai ja ya zo ya ja.

Jiya ya kira ni. Ya ce, "Iya, na ɗauko akushi na goge shi, amma na rasa hannun da zan sa wa." Na ce, "Kai da ka ci lissafin Turawa, wannan ne zai gagare ka?" Ya ce, "Wannan ba ya cikin littafi, Iya."

Ni ma na kwana ina juya abin. In na ce Malte, ai rai ya fi komai, kuma ya bar abin da ya fi so ya tsinto shi. In na ce Likita Rakiya, ai Ya'u da bakinsa ya ce komawa da kunya ta fi masa mutuwa ciwo, ita kuwa ta sa aikinta a kan yaron da ba ta taɓa gani ba. In na ce Oma, ai akushi na mai ciyarwa ne, kuma ita ta cire ciwon daga saiwarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na sani, amma akushi ɗaya ne, in aka fasa shi uku ya zama itacen wuta.

Jirginsa ran Asabar zai taso, kuma na riga na ce kada ya dawo mini da shi. Yana can ya riƙe waya yana jiran amsa. To, ku faɗa mini, tsakanin wanda ya goya shi, da wadda ta tsaya masa, da wadda ta ciyar da shi, wa Ya'u zai miƙa wa akushin nan?